Waiwaye: Jakadun Amurka da Abin da Idonsu Ya Gani

A shekarar 1839, ƙaramin jakadan Amurka a birnin Tanja na ƙasar Maroko, Thomas Carr, ya wayi gari da baƙin da bai gayyata ba. Manzon Sarki Abdurrahman ne ya iso ƙofar gidansa da rakiyar sojoji da wani ƙaton keji, a ciki zaki da zakanya, kyautar sarki ga shugaban Amurka. Carr ya ce ba zai karɓa ba, domin tsarin mulkin ƙasarsu ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyautar sarakunan waje. Manzo ya ce to a ba majalisa. Carr ya ce ita ma ba ta karɓa. Manzo ya tambayi wanda ya tsara dokar, da aka ce masa jama'a ne, sai ya ce shi ke nan, a kai wa jama'ar. Ya ƙara da cewa in ya kuskura ya koma fada da dabbobin nan, to kansa zai rabu da wuyansa, don haka in ba a buɗe ƙofa ba a titi zai sake su. Carr ya share ɗaki guda a ofishin jakadanci ya zuba su, sannan ya zauna ya rubuta wa Washinton takarda yana tambayar yadda zai yi. Watanni ya shafe yana ciyar da zakuna kafin amsa ta iso. Daga baya aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Filadelfiya, aka yi gwanjonsu.

Idan ana ba da tarihin hulɗar Amurka da duniya, sunayen shugabanni da sakatarorin harkokin waje ake jerowa. Amma wanda ake aika wa da zaki har ƙofar gida, wanda ake sare wa sandar tuta, wanda ake ɗaure wa fuska a yi garkuwa da shi, ba ya Washinton. Mu dai mun ce gani ya kori ji. A tarihin jakadun Amurka, sau da yawa wanda ya ji daga nesa ne ke korar wanda ya gani, wani lokaci ma kora ta gaske, daga aiki.

Da farko ba haka abin yake ba, saboda teku. Benjamin Franklin ya sauka Faransa a watan Disamba na 1776 yana ɗan shekara 70, yana wakiltar ƙasar da ba wanda ya amince da cewa ƙasa ce. Takarda takan yi makonni, wani lokaci watanni, kafin ta tsallaka tekun Atlantika, in ma jiragen yaƙin Ingila ba su tare ta ba. Dole ya yi ta yanke shawara da kansa. Ya lura Faransawa na kallon Amurkawa a matsayin mutanen daji masu sauƙin kai, sai ya rungumi hakan: ya ajiye gashin ado da manyan fada ke ɗorawa, ya dinga yawo da hular fatar dabba, har matan Faris suka koma gyaran gashi irin siffarta. A Fabrairun 1778 ya samu yarjejeniyar ƙawance da Faransa, wadda in ba don ita ba da wuya yaƙin neman 'yancin ya kai gaci. Abin da dattijon bai sani ba, sakataren tawagarsa, Edward Bancroft, ɗan leƙen asirin Ingila ne, yana kwafe takardu yana cusawa cikin kwalba a kogon wata bishiya don wani ya zo ya ɗauka. Sai bayan kimanin shekara ɗari aka gano.

A zauren shiga Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka akwai allunan dutse da aka zana sunayen waɗanda suka mutu a bakin aiki a ƙetare. Sunan farko shi ne William Palfrey, wanda aka tura Faransa a 1780, jirginsa ya ɓace a teku, ko ƙasa bai taka ba. Da yawa daga sunayen da suka biyo baya na ƙarni na 19, zazzaɓin shawara da kwalara ne suka kashe su, ba harsashi ba.

Makarantar gaske ta jakadun farko ita ce Arewacin Afirka. Da Amurka ta rabu da Ingila, sai ta rasa kariyar sojan ruwan Ingila, jiragen kasuwancinta suka zama nama a Bahar Rum. Maroko ta yi sauƙi: Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ya buɗe wa jiragen Amurka tasoshinsa tun 1777, aka ƙulla yarjejeniyar abota a 1786, kuma gidan da wani sarkin ya ba su kyauta a Tanja a 1821 shi ne kadarar farko da gwamnatin Amurka ta mallaka a waje. Aljiyas kuwa ba ta yi wasa ba. A 1785 aka kama wani jirgi daga Boston, cikin ma'aikatansa akwai wani saurayi ɗan shekara 18, James Cathcart. Shekara 11 ya yi a bauta. Ya koyi Larabci da Turkanci, ya yi ta hawa har ya zama babban magatakardan mai mulkin Aljiyas a cikin bayi Kiristoci, kuma da shi aka yi cinikin yarjejeniyar 1795, wadda ta ci wa Amurka fiye da dala 600,000 kuɗin fansa da kyaututtuka, ban da harajin shekara-shekara. Da ya sami 'yanci, gwamnatinsa ta ga ba wanda ya fi shi sanin yankin, ta mayar da shi Tarabulus a matsayin ƙaramin jakada. Nan ne a watan Mayu na 1801 Yusuf Karamanli, mai mulkin Tarabulus, ya ga abin da ake ba shi bai kai na maƙwabta ba, ya aiko aka sare sandar tutar ofishin Cathcart. A al'adar wurin, shelar yaƙi ke nan. Wannan Yusuf ɗin dai, in mai karatu ya tuna, shi ne wanda daga garinsa kuma da kariyarsa su Clapperton, matafiyan nan 'yan Birtaniya, suka taso a 1822, suka ratsa Sahara zuwa Barno, har Clapperton ya iso Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824.

Nisan nan ya ba jakadu wani iko da yau ko a mafarki ba za su samu ba. A 1803 an aiki Robert Livingston da James Monroe su sayi birnin New Orleans daga Faransa. Sai Napoleon ya ce su ɗauki yankin Louisiana gaba ɗaya a kan dala miliyan 15. Ba lokacin tambayar gida, suka sa hannu, girman Amurka ya kusa ninkawa. Na Nicholas Trist ya fi ban mamaki. Shugaba Polk ya tura shi Meziko ya ƙulla sulhu lokacin yaƙi, daga baya ya fusata ya aika masa ya dawo. Trist ya karanta takardar kiranye, ya ga in ya tafi yaƙin zai zarce, ya yi kunnen uwar shegu, ya ci gaba da tattaunawa har ya sa hannu a Fabrairun 1848. Yarjejeniyar ta ba Amurka Kalifoniya da wasu manyan yankuna. Polk ya karɓi ƙasar hannu bibbiyu, ya kori Trist, ya hana shi albashinsa. Sai bayan fiye da shekara 20 majalisa ta biya shi.

Kada a ɗauka duk gwanaye ne. A mafi yawan ƙarni na 19, muƙamin jakada ladan siyasa ne: ka taimaki ɗan takara, ya ci zaɓe, ya tura ka wata tashar jiragen ruwa ka dinga cin kuɗin hatimi. Ƙasar ma tana kallon harkar diflomasiyya a matsayin wasan sarakunan Turai, shi ya sa har 1893 ba ta naɗa kowa da cikakken muƙamin jakada ba, sai dai wakilai masu daraja ta ƙasa da haka, waɗanda ke tsayawa a bayan layi a fadar Landan. A 1853 aka umarce su su daina sa kayan fada masu zinariya, su sa tufafin ɗan ƙasa kawai. James Buchanan, wanda ke Landan a lokacin, ya ga baƙar kwat ɗinsa daidai take da ta masu raba abinci a fadar Sarauniya, sai ya rataya takobi don kada a miƙo masa faranti.

Su kuma baƙaƙen fata, an ware musu inda za su. Ebenezer Bassett ne na farko, aka tura shi Haiti a 1869. A 1875 wani janar da gwamnatin ƙasar ke nema ruwa a jallo ya faɗo gidansa neman mafaka. Sojoji suka zagaye gidan wata biyar suna ihu da harbi cikin dare, Washinton na nuna masa rashin jin daɗinta, Bassett ya ƙi miƙa baƙonsa har aka bar shi ya fita ƙasar. Frederick Douglass, tsohon bawa kuma shahararren mai fafutuka, ya riƙe wannan kujera daga 1889 zuwa 1891, aka ɗora wani babban sojan ruwa a kansa don a matsa wa Haiti ta ba da tashar jiragen yaƙi. Haiti ta ƙi, jaridun Amurka suka ɗora wa Douglass laifi, ya ajiye aiki. Ko da dokar Rogers ta 1924 ta mayar da aikin na ƙwararru, da jarrabawa da ƙarin girma bisa cancanta, Clifton Wharton, baƙar fata da ya ci jarrabawar a 1925, Laberiya aka jefa shi kai tsaye, ya shafe shekaru sama da 20 ana juya shi tsakanin Monrobiya, tsibiran Kanari, Madagaska da ƙananan ofisoshin Fotugal. Sai 1961 ya zama jakada a Norway. Mata kuwa, har farkon shekarun 1970, wadda ta yi aure sai ta ajiye aiki.

Akwai kuma jakadun da suka yi amfani da nisan wajen ɓarna. John Stevens a Hawai ya sa aka sauke sojojin ruwa a 1893 suka mara wa Turawa 'yan kasuwa baya wajen tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, abin da majalisar Amurka ta nemi gafara a kansa bayan shekara ɗari cif. Henry Lane Wilson a Meziko, a cikin ofishinsa janar-janar suka ƙulla yarjejeniyar kifar da Shugaba Madero a 1913, kwanaki kaɗan aka harbe Madero. Don haka in mutanen wata ƙasa suna yi wa ofishin jakadancin Amurka kallon hadarin kaji, ba daga sama suka tsinci zargin ba.

Da wayar tangaraho ta ratsa ƙarƙashin teku a 1866, sannan tarho da jirgin sama suka biyo baya, sai igiyar ta gajarce. Jakada ya tashi daga mai yanke hukunci ya koma mai aika rahoto. Darajarsa ta koma kan abu ɗaya: shin ana karanta abin da ya rubuta? George Kennan, jami'i a ofishin jakadancin Amurka a Masko, ya yi sa'a. A ranar 22 ga Fabrairun 1946, yana kwance ba lafiya a Masko, ya shibta wata doguwar waya mai kalmomi sama da 5,000 kan yadda shugabannin Tarayyar Sobiyet ke tunani. Ta zo daidai lokacin da Washinton ke neman mai faɗa mata haka, ta zama harsashin manufar Yaƙin Cacar Baka. Shi kansa Kennan ya shafe sauran rayuwarsa yana cewa an juya maganarsa, shi takara ta siyasa da tattalin arziki yake nufi, aka mayar da ita ta makamai. A zamansa na jakada a 1952 ne aka gano na'urar sauraro cikin wani tambarin Amurka na katako da yaran makarantar Sobiyet suka ba wani jakadan da ya gabace shi kyauta a 1945. Shekara bakwai yana rataye a ɗakin karatun jakada.

Waɗanda suka faɗi abin da ba a son ji, labarinsu daban ne, kuma a nan nake ganin zuciyar wannan tarihi take. John Service da John Paton Davies a ƙasar Sin aka haife su, 'ya'yan masu wa'azin Kirista, suna jin Sinanci kamar 'yan gari. A 1944 sun je har Yan'an, sansanin Mao jagoran 'yan gurguzu, sun kuma ga gwamnatin Chiang Kai-shek da Amurka ke zuba wa kuɗi, da cin hancin da ya cinye ta. Suka rubuta cewa 'yan gurguzu ne za su yi nasara, gara Amurka ta san yadda za ta zauna da su. A 1949 abin ya faru kamar yadda suka faɗa. Maimakon yabo, sai Sanata McCarthy, mai farautar 'yan gurguzu a cikin gwamnatin Amurka, da magoya bayansa suka ce su ne suka sayar da Sin. Aka kori Service a 1951, Kotun Ƙoli ta mayar da shi a 1957, amma aka ajiye shi a ƙaramin ofishin Liverpool har ya gaji ya yi ritaya. Davies aka kore shi a 1954, ya tafi Peru ya buɗe sana'ar kujeru da tebura. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: sauran masanan Asiya a ma'aikatar suka koyi yin shiru, kuma masana tarihi da dama na ganin wannan shirun na cikin abin da ya sa aka afka Biyetnam ido rufe.

A 1971 aka maimaita. Archer Blood ne babban jami'in ofishin Amurka a Daka, a Gabashin Pakistan (Bangladesh ta yau), lokacin da sojojin Pakistan suka far wa Bangalawa a ƙarshen Maris. Shi da ma'aikatansa sun ga gawarwaki a jami'a da unguwannin Hindu, suna aika rahoto kullum, shiru. Ranar 6 ga Afrilu ma'aikata 20 suka sa hannu a wata waya, Blood ya amince da ita, suna cewa gwamnatinsu ta kasa yin tir da kisan gilla, ta nuna talaucin ɗabi'a. Abin da ba su sani ba, Shugaba Nixon da mai ba shi shawara kan tsaro, Henry Kissinger, na amfani da shugaban Pakistan, Yahya Khan, a matsayin ɗan aike na sirri zuwa Sin, kuma ba su shirya ɓata da shi saboda Bangalawa ba. Aka janye Blood kafin wa'adinsa, aka ba shi tebur a sashen ma'aikata. Bai taɓa zama jakada ba. A wannan shekarar ce ma'aikatar ta buɗe wata hanya ta musamman da ma'aikaci zai bi ya rubuta rashin amincewarsa da manufa ba tare da an hukunta shi ba. Tana nan har yau. Ko ana karantawa, wannan wata magana ce.

Daga ƙarshen shekarun 1960 aikin ya koma na sai da rai. An kashe jakadan Amurka a Guatemala a 1968, an harbe Cleo Noel a Khartum a Maris na 1973 bayan 'yan ƙungiyar Black September ta Falasɗinawa sun kama shi a wata liyafa a ofishin jakadancin Saudiyya, sai Kubrus a 1974, Lebanon a 1976, Kabul a 1979. A Tehran, Bruce Laingen da ke riƙe da ofis ya gargaɗi Washinton cewa in aka bar hamɓararren Sarki Shah ya shiga Amurka, ofishin na cikin haɗari, domin Iraniyawa ba su manta da hannun Amurka a juyin mulkin 1953 ba. Aka bar Shah ya shiga neman magani a Oktoban 1979. Ranar 4 ga Nuwamba ɗalibai suka haura katanga. Mutum 52 suka yi kwana 444 a tsare. Takardun sirrin da ma'aikata suka yi gaggawar yayyankawa da inji, ɗaliban suka zauna suka harhaɗa su zare-zare, suka buga su littafi-littafi.

Bayan bam ɗin da ya tashi a ofishin jakadancin Amurka na Beirut a Afrilun 1983 ya kashe mutum 63, aka fito da ƙa'idar gina ofisoshi nesa da titi da kimanin mita 30, a bayan katanga. Amma kuɗi bai kai ko'ina ba. A Nairobi ofishin na tsakiyar gari, a mahaɗar manyan tituna biyu. Jakadiya Prudence Bushnell ta yi ta roƙon a canza musu wuri, har ta rubuta wa Sakatariya Madeleine Albright da kanta. Aka ce Nairobi ba ta cikin wurare masu tsananin haɗari. Ranar 7 ga Agustan 1998 tana ganawa da ministan kasuwancin Kenya a wani bene da ke maƙwabtaka, motar Alƙa'ida ta tashi. Ta sauko matakala da jini a jikinta tare da ɗaruruwan mutane. Mutum 213 suka mutu, 12 ne kawai Amurkawa, sauran galibi 'yan Kenya ne, masu wucewa, fasinjojin bas, da ɗaliban koyon aikin sakatare a ginin da ya rufta. Wasu 11 suka mutu a harin da aka kai ofishin Amurka na Darussalam, a Tanzaniya, a wannan safiya. Duk wanda ya taɓa bin layin biza a Abuja ko Yamai, ya ajiye wayarsa a waje, ya yi magana da jami'i ta bayan gilashi mai kauri, to gadon waccan rana yake gani.

Mu ma nan mun ga namu. Walter Carrington, jakada a Najeriya daga 1993 zuwa 1997, ya fito fili yana hulɗa da masu adawa da Janar Abacha, har 'yan sanda ɗauke da makamai suka tarwatsa liyafar bankwanar da aka shirya masa a Legas. Da birnin New York ya sa wa kusurwar titin ofishin Najeriya sunan Kudirat Abiola, matar M.K.O. Abiola da aka kashe a zamanin Abacha, gwamnatin soja ta rama ta sa wa titin ofishin Amurka a Legas sunan Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam mai sukar gwamnatin Amurka. Yau titin sunan Carrington yake ɗauke da shi. A Nijar kuma, a Fabrairun 2002 hukumar leƙen asiri ta CIA ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson, wanda a Yamai ya fara aiki a 1976, ya binciki zargin cewa Saddam Husaini ya sayi yuraniyom. Ya yi kwanaki yana shan shayi da tsofaffin ministoci da masu harkar ma'adinai, ya koma ya ce da wuya a ce an yi cinikin, domin ma'adinan na hannun kamfanonin da Faransa ke jagoranta, ba a fitar da ɗaruruwan tan a ɓoye. Duk da haka zargin neman yuraniyom daga Afirka ya fito a jawabin Shugaba Bush na Janairun 2003, aka kuma shiga Iraƙi a Maris. Da Wilson ya rubuta a jarida a watan Yuli yana ƙalubalantar zargin, cikin kwana takwas aka fallasa cewa matarsa jami'ar CIA ce, aikinta ya mutu.

Christopher Stevens na cikin waɗanda ba sa son zama bayan katanga. Ya koyar da Turanci a ƙauyukan duwatsun Maroko yana saurayi, yana jin Larabci, yana son zama a shago ya sha shayi da mutane. A Afrilun 2011, ana tsakiyar yaƙi da Gaddafi, ya sauka Bengazi a jirgin dakon kaya na Girka don ya zama wakili wurin 'yan tawaye. Ya dawo a matsayin jakada a 2012. Jami'an tsaronsa sun nemi ƙarin mutane, ba a ba su yadda suka nema ba. Daren 11 ga Satumba 'yan bindiga suka afka gidan da ya sauka a Bengazi suka cinna masa wuta. Hayaƙi ne ya kashe shi, kuma 'yan Libiya ne suka ciro shi ta taga suka kai shi asibiti. Wasu Amurkawa uku suka mutu a daren. A watan Yulin 2014 aka kwashe ma'aikatan ofishin Tarabulus cikin jerin motoci zuwa Tunisiya, jiragen yaƙi na shawagi a samansu, kuma shekara goma bayan nan, daga birnin Tunis jakadun Amurka ke aika rahoton abin da ke faruwa a Libiya.